Kawu Ƙarami, Jigonsa da Rantsuwar Wansa

Daga Allah muke, can kuma muka nufa, sai dai Kawu Ƙarami ya riga mu isa. Ya cika da hantsi, cikin tsananin zafin bazara, a ɗakinsa na Talata Mafara, kansa a kan cinyar matarsa. Kafin a gama shafe masa ido gida ya cika.

Na zauna makoki da yawa a rayuwata, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Mata su shigo da salati, su durƙusa gaban matar Kawu su ce mata ya haƙuri, sannan su matso kusa da ni su rage murya su ce, "Shin Liman na tahowa?" A ƙofar gida tsofaffin ɗalibansa ne maƙil, waɗansu har da furfura. Ɗaya daga cikinsu, wanda yanzu babban likita ne, ya kifa kai jikin katanga yana kuka, ba ya ko jin kunyar jama'a. Wata tsohuwa maƙwabciya kuwa cewa ta yi, "Mutumen kirki na, ba shi da abokin hwaɗa. Sai dai an ce karatun Nasara ya taɓa mai kai." Na dube ta, na haɗiye abin da ya zo mini baki, don gawa tana ɗaki.

Liman ɗin da ake tambaya shi ne Kawu Babba, wan mamacin uwa ɗaya uba ɗaya. Su biyu ne 'yan'uwan mahaifiyata maza. Daga Maradun har Bakura babu wanda bai san Kawu Babba ya rantse ba zai sallaci gawar ƙanensa ba. Mu na cikin gida kuma mun san abu ɗaya Kawu Ƙarami ya roƙa a jinyarsa, wansa ya yi masa salla. An tura mota Maradun tun numfashi bai gama fita ba, muka zauna muna sauraren dawowarta. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ina tsoron a manta da mutumin, a riƙe rantsuwar kaɗai.

Gidan kakanmu gidan malamai ne, a wani ƙauye bakin gulbi kusa da Maradun. Kada ku neme shi, yana ƙarƙashin ruwan dam ɗin Bakolori. Da aka matsa wa gidan ya ba da yaro a kai boko, kakanmu ya riƙe babban a gaban littattafai, ya miƙa ƙaramin, yana ganin sadaukarwa ya yi. Ƙaramin kuwa ya yi ta tafiya har ƙasar Turawa, yana karatun kimiyyar da ake kira fiziks. Ciwon ajalin kakanmu ya dawo da shi bai ƙarasa ba. Ya ɗauki alli a wata sakandare a Talata Mafara, bai ajiye ba sai da hannunsa ya fara rawa.

Ni a Bakura aka yi mini aure, ina koyarwa a firamare, duk ranar kasuwar Talata kuma sai na biya gidansa. Ba ka gama gaisuwa da Kawu ba tare da an sa ka a aji ba.

"Ɗiyata, miƙo hannunki," in ji shi. "Yanzu haka wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa na ratsa shi. Daga rana sunka hito, su ratsa ki, su ratsa ƙasa, su hice ta ɗaya gehen. Nutirino a sunansu."

"Kawu, in ba a ganinsu, ba a jinsu, mi ar ruwana da su? Ka ce aljannu mana mu huta."

Sai ya yi dariya har hularsa ta goce. Tambayoyi uku ne suka hana shi sukuni. Ta farko, shin waɗannan nutirino suna da nauyi ko kaɗan, in kuwa suna da shi, me ya sa ya zama ɗan ƙanƙani haka? Ta biyu, masu duban sama sun lura garken taurari yana juyawa da saurin da ya kamata ya watsar da shi, amma bai watse ba, ke nan akwai wani nauyi da ke riƙe da shi wanda ido bai gani. Yakan ce kamar ka ga jaki yana nishi ƙafafunsa na lanƙwasa, ka duba bayansa ba ka ga mangala ba. Ta uku ita ce ta jawo mana bala'i. Ya ce a farkon halitta kowace ƙwaya tare da akasinta ta fito, in sun haɗu kuma sai su cinye juna su zama haske. Da lissafin ya tafi daidai wa daida, da babu abin da ya saura. Amma ɓangare ɗaya ya ɗara ɗayan da ɗan kaɗan, wannan ɗan kaɗan ɗin shi ne ƙasa da taurari da gero da ni da shi.

Duk wannan yana faɗinsa ne da carbi a aljihu. Ban taɓa ganin sahun asuba ya wuce shi yana da lafiya ba, wannan shaida ce da zan maimaita ko a gaban wa.

Da ruwan dam ya taso, aka kwashe mutanenmu aka kai su tudu, ƙasa mai tsakuwa wadda ko gujiya sai da lallashi. Fadamar da ake noma rani da damina ta tafi, kushewar kakanmu ta tafi, masallacin da Kawu Babba ya gāda ya tafi. Kawu Ƙarami ya buɗe gidansa, dangi suka cika shi har zaure, ya koma kwana a ɗakin ajiyar makaranta. Ban ji ya taɓa yi wa kowa gorin wannan ba.

Ba a daɗe da komawa tudu ba ɗan farin Kawu Babba ya shiga kwalekwale da masunta, don noma ya ƙi, dole a koyi kamun kifi. Hadarin farkon damina ya same su a tsakiyar ruwa, wajen da tsohon garinmu yake. An tsamo sauran, shi ba a gan shi ba. Aka yi ta nema har masu nutso suka gaji. Mutane suka zo wurin Kawu Babba suka ce ko a yi masa salla haka nan. Shi da bakinsa ya ba da fatawa cewa a mazhabarmu ba a sallar gawar da ba ta gaban mutane. Mutumin da ya sallaci gawar kowa a garin, bai sami ta ɗansa ba. Ga kunyar ɗan fari, ko sunansa ba ya faɗi, balle a ga hawayensa. Haka ya zauna a kan buzu kamar an dasa shi.

A lokacin ba a gina zaure a sabon gidan Kawu Babba ba, rumfar kara ce aka yi a ƙofar gida, zana ɗaya ce tsakaninmu da maza, don haka komai a kunnena aka yi. Kowa ya san yadda ake zaman makoki. Ka yi sallama, ka yi addu'a, a shafa, ka ce ya haƙuri, ka ja bakinka ka yi shiru. Kawu Ƙarami ya dubi wansa, tausayi ya kama shi, ya ga wannan bai isa ba. Sai ya ɗauko abin da ya fi daraja a wurinsa ya miƙa.

"Yaya, abin da ba a gani ba ɓata yay yi ba. Mahi yawan abin da Allah yay yi ba a ganinai, nauyinai kaɗai aka ji. Kuma tun hwarko halaka ta hi yawa. Komi da akasinai yaz zo, sunka cinye juna, ɗan abin da yar rage shi na mu."

Wani dattijon malami daga Garbadu, mutum mai hikima, ya ga inda maganar ta nufa, ya so ya buɗe masa ƙofar fita. Ya ce, "To Malam, mi yas sa wanga kaɗan ɗin yar rage?"

Ko yaron da ya fara Fatiha jiya ya san amsar da ake jira. Na rantse da a ce zana ba ta tsakaninmu da na toshe masa baki da hannuna. Amma Kawu ya saba da aji, inda in ɗalibi ya yi tambaya mai kyau ba a rufe shi da abin da ya riga ya sani. Har da ɗan murmushinsa ya ce, "Wannan shi na ba mu sani ba tukuna. Ana nan ana bincike."

Na ji salati ya tashi ko'ina. Sannan na ji muryar Kawu Babba, wadda ba mu ji ba tun ranar da ya ba da fatawar nan.

"Ɗana na ƙarƙashin ruwa, ban samu ko gawatai in sallata ba, kai kuma ka taho gabana, gaban malamai, kana binciken wanda yab bar mu? Wallahi tallahi, in ka riga ni, ba ni tsayawa bisa gawakka."

Magana zarar bunu ce. Kawu Ƙarami ya tashi ya ɗauki takalmansa a hannu, sai da ya yi nisa ya tuna ya sa su.

Ni dai ban wanke kowa ba. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Wanda ya je ƙasar Turawa ya dawo ya kamata ya san gidan makoki ba aji ba ne, wanda kuma ya haddace littattafai ya kamata ya san ba a rantsuwa da zuciya mai tafasa. Mahaifiyata ta yi ta safa da marwa tsakaninsu har ƙafarta ta gaza. Abin haushin shi ne ba su yanke zumunci yadda za ka kama su da laifi ba. Duk babbar salla cinyar rago na zuwa daga Maradun, duk kakar albasa buhu na tafiya daga Mafara. Da mahaifiyata ta rasu Kawu Babba ya ja salla, Kawu Ƙarami na sahun farko a bayansa, suka yi musafaha ba wanda ya ɗaga ido. Rantsuwa kuwa tana nan inda aka ajiye ta.

Da aikin sulhun ya dawo kaina, na sami Kawu Babba na ce, "Kawu, ku kunka karantar da mu rantsuwa na da kaffara."

Ya ce, "Ɗiyar ga, ba kaffara ta gagare ni ba. Mai ja ma gawa salla shaida shika yi. Gaban jama'a yah hwaɗi, shi taho gaban jama'a shi ce ya tuba, ni kau in karya rantsuwata ranar."

Na koma Mafara na faɗa wa Kawu Ƙarami. Na ce kalma ɗaya ce, ko ciwon kai ba ta sa wa. Ya girgiza kai.

"Ni ban taɓa shakkar wanda yay yi ba. Yadda yay yi nika tambaya. In na tahi na ce na tuba, na shaida ke nan tambayar saɓo ta. Ɗiyan da nika koya ma hwa? Gobe wane uba ka barin ɗanai shi shiga ajina?"

Na ce musu duka biyun, kowa a gabansa, taurin kai ne gādon gidanmu, ba malanta ba. Ɗaya ya yi dariya, ɗaya ya ce in gaida maigidana.

Amma abin ya ci Kawu Ƙarami, na gani da idona. Shekarar da na haihu jaririn bai zo da rai ba, ya hau kekensa cikin rana tun daga Mafara har Bakura. Ya zauna a ƙofar ɗakina yini guda. Ban da "Allah shi ba ki haƙuri, Allah shi sa mai ceto na," bai ƙara ko harafi ba, mutumin da ba ya iya sayen goro bai yi wa mai goro darasi ba. Da zai tafi ya ga ƙyauren ɗakina ya saki, ya nemi ƙusa ya gyara. Tun ranar rumfar nan ba a sake jin darasi daga bakinsa a gidan makoki ba.

Maganarsa sai ta koma lambu. Yana da ɗan lambu a bayan gari, kowa na ban ruwa da kwatar dam ko da inji, shi kaɗai ya kafa jigo irin na tsohuwar fadamarmu, doguwar sanda a kan gwafa, guga a gaba, curin laka a baya. Manoma na yi masa tsiya, suna cewa mai ilimin jirgin sama ya koma zamanin kakanni. Wani abokin karatunsa yakan aiko masa da mujallun masana ta gidan waya, su iso bayan watanni, ya karanta su a gindin jigon. Wata rana na same shi yana murna kamar an yi masa haihuwa.

"Tambayoyin nan nawa uku, wata ƙila uwassu ɗaya. Dubi jigon ga. Mi ka sa guga cike da ruwa shi taso ba wahala? Lakar da ka baya. Masana na zaton nutirino na da wani ɗan'uwa mai nauyin gaske wanda ba a taɓa gani ba, nauyinai shi ka sa wanga shi zan sakayau. Sun ce da mai nauyin yan narke a hwarkon duniya, bai rabu daidai ba, ya ɗan karkata gehe guda, shi na ragowar da munka hito ciki. Nauyin da ka riƙe taurari kuma ƙila danginai na."

"An gan shi, Kawu?"

"Ba a gan shi ba. Zato na, ƙila a ƙaryata shi gobe. Amma kyawo gare shi."

A ƙarshen rayuwarsa ya ji a rediyo cewa wasu masana a gabashin duniya sun tara ruwa a wani ƙaton tanki a ƙarƙashin dutse, sun gano lallai nutirino na da nauyi. Ya ce, "Su ma dam sunka yi, amma nasu bai ci garin kowa ba." Ya sa babbar riga ya fita neman wanda zai yi wa albishir, ya zaga gari ya dawo, ƙarshe matarsa ya zaunar tana tsinken zogale ya faɗa mata. Ta ce to madalla, Allah ya ƙara musu nauyi.

Ciwon hanta ne ya kwantar da shi. Da ya ga jikin ba na tashi ba ne, ya sa aka kira ni. Ya riƙe hannuna, nasa ya zama ƙashi da fata.

"Ki ce ma Yaya ba gardama nika so ba. Shi yay yi ma Baba salla, shi yay yi ma innarku. Ba ni son in zan ni kaɗai na daban."

Na tafi Maradun na faɗa kamar yadda aka faɗa mini. Kawu Babba ya tsufa, idonsa ya kusa tafiya. Ya ja carbi, ya ja, ya ja, sannan ya ce, "Allah shi ba shi lahiya." Na tsaya ko zai ƙara, bai ƙara ba. Da na dawo Kawu Ƙarami bai tambaye ni ba, fuskata ya duba ya juya kai.

To, ranar rasuwar an yi masa wanka, an sayo farin yadi a kasuwa tela na yanka, mota ba ta dawo ba. Rana ta take, limamin unguwa ya aiko cewa gawa ba ta jira a wannan zafi, a yi mata sutura a fito da ita. Na ɗauki tabarma na shimfiɗa a bakin ƙofar ɗakin na zauna. Na ce ba mai shiga sai mota ta dawo. Maigidana ya leƙo ya ce in ji tsoron Allah, ina ba shi kunya a gaban mutane. Na ce ya yi haƙuri, yau kunyarsa ce ƙaramar damuwata. Tsofaffin mata suka yi ta salati, wai ba a taɓa ganin mace ta tare gawa ba. Na san suna da gaskiya, ban kuma motsa ba.

Bayan azahar muka ji tsayuwar mota. Ɗan Kawu Babba na biyu ne ya yi sallama ya shigo, shi kaɗai, da wani ƙunshi a hannu. Ya durƙusa a gabana, ya kasa haɗa ido da ni.

"Baba ya ce a sa mai wanga."

Na kwance ƙunshin. Likkafani ne, ɗinkakke, ya ɗan yi ja don daɗewa a adaka, yana ƙanshin turare. Wanda Kawu Babba ya sayo a Makka ne ya wanke da zamzam, ya sa aka ɗinka masa, ya ajiye don ranar kansa. Na ce, "Shi hwa?" Ya girgiza kai.

Na naɗe tabarmata na ba su hanya. Limamin unguwa ya ja salla. Daga bayan katanga na ji kabbarorin, da muryar da ba ta gidanmu ba, kuma a nan ne na yi kukan da ban yi ba tun safe. Allah ka jiƙan bawanka da ya ƙare rayuwarsa yana mamakin aikinka, ka yafe masa inda harshensa ya yi gaba da shi, ka haskaka masa kabari, ka sanar da shi abin da ya yi ta tambaya.

Bayan an share makoki na shirya na tafi Maradun, cikina cike da magana, na tsara ta tun a mota. Na same shi a zaure da ɗalibai. Muka gaisa, ya gida, ya yara, ya zafi, ya haƙurinmu. Ya sallami ɗaliban. Na buɗe baki ke nan ya riga ni, da wata ƙaramar murya da ban san shi da ita ba.

"Ɗiyata, kin gan shi kahin a hita da shi?"

"Na gan shi, Kawu."

"Ya ishe shi? Bisa awona anka ɗunka shi, shi kau ya hi ni tsawo tun muna yara. Ya ruhe mai ƙahwahu?"

Da ni da matar Kawu Ƙarami mun shiga yi masa bankwana, na kuma ga abin da na gani. Na so in ce ya isa. Amma ba a yi wa gidan nan ƙarya, ko ta tausayi.

"Bai kai ba, Kawu. Sai da anka ƙara da yadin kasuwa."

Ya ɗaga hannu yana laluben bango har ya same shi, ya juya ya jingina goshinsa a jiki. Na zauna ina kallon kafaɗunsa suna rawa, har aka kira la'asar bai tashi ya ja salla ba.